Haske da Zamewar Falle a Cikin Kiristal



 

Maganata ta yau a kan wasu kiristal ce da aka halicce su falle-falle, da yadda haske yake zamar da falle ɗaya a kan ɗan'uwansa har halin abin ya sauya ɗungurungum, alhali ba a ƙara masa atam ko ɗaya ba, ba a kuma cire ko ɗaya ba. A aji mun saba koya wa yara cewa halin abu yana bin irin atam ɗin da ke cikinsa, wato ƙwayoyin zarra da aka gina shi da su. Haka ne, amma maganar ba ta tsaya nan ba. Yadda atam ɗin suka zauna da juna shi ma yana da tasa ta cewa, kuma a irin kiristal ɗin da za mu duba yau, zaman nan ba a kafe yake ba. Ana iya taɓa shi.

Kowa a wannan ɗaki ya riƙe irin wannan kiristal a hannunsa. Bakin fensir girafait ne da aka cuɗa da yumɓu, girafait kuwa kabon ne zalla. A cikin kowane falle, atam ɗin kabon sun kama juna da ƙarfi ƙwarai, sun jeru cikin gidaje masu kusurwa 6 irin na saƙar zuma, tazarar da ke tsakanin atam da maƙwabcinsa nanomita 0.142 ce. Nanomita ɗaya ita ce mita ɗaya an raba ta gida biliyan ɗaya. Tsakanin falle da falle kuwa tazarar ta kai nanomita 0.335, kuma abin da ya riƙe su wani rarraunan jan juna ne da ake kira da sunan Johannes van der Waals, masanin ƙasar Holan da ya sami kyautar Nobel a 1910. Girafait mai kaurin milimita 1 yana ɗauke da falle kusan miliyan 3. Idan ka ja fensir a kan takarda, fallayen nan ne suke zamewa suna manne wa takardar. Ƙarfi a cikin falle, rauni a tsakanin falle: duk abin da zan faɗa yau daga wannan bambanci ya taso.

To yaya falle yake zama a kan falle? Ku tuna mai lemo a bakin kasuwa yana jera hajarsa a kan tebur. Ya shimfiɗa sahun farko, lemo na gogar lemo. Sahu na biyu ba ya zama a kan tsinin na farko, sai dai ya faɗa cikin guraben da ke tsakaninsu. Da ya zo sahu na uku sai zaɓi ya zama biyu: ko dai kowane lemo ya zauna daidai saitin wanda ke sahun farko, ko kuma ya faɗa wasu guraben da ba su yi saiti da na farko ko na biyu ba. Masana suna kiran mazaunan nan uku A da B da C. Jeri na farko shi ne ABA, na biyu ABC. Girafait ma mazauni uku gare shi kamar haka. John Desmond Bernal ne ya gano jerin ABA da hasken eksire a Ingila a 1924, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan jeri. A 1942 Lipson da Stokes suka nuna cewa a cikin girafait akwai wani kaso da ya jeru ABC. Abin da ya raba jerin biyu shi ne fallen sama ya gusa da nanomita 0.142, tsawon haɗi ɗaya tak tsakanin atam biyu.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin bayani da ake sa wa a gefen littafi. Abin ya sauya bayan 2004, lokacin da Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta suka riƙa ɓare girafait da salatif har suka sami falle ɗaya tilo, wanda ake kira girafin. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 2010. Da aka iya riƙe falle ɗaya, sai aka iya riƙe biyu da uku, aka auna kowanne shi kaɗai. Falle uku da suka jeru ABA suna barin lantarki ya ratsa su, ko ka ɗora musu filin lantarki daga sama da ƙasa ba sa toshewa. Falle uku na ABC kuwa, da zarar ka ɗora musu wannan fili sai su toshe hanya, ka janye shi su buɗe, wato abin da ake nema a wurin taranzista ke nan. A 2021 rukunin Andrea Young a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Babara ya nuna cewa idan aka sanyaya ABC ƙwarai da gaske, lantarki yana gudana a cikinsa ba tare da wata turjiya ba. Atam ɗin kabon dai su ne, adadinsu ɗaya, fallayen ma uku ne a nan uku ne a can.

Bari in kai ku gaban madubin ƙara girma ku ga yadda abin yake. An manna ɗan guntun girafin mai falle uku a kan farantin silikon, faɗinsa bai kai na gashin kai ba. Da ido, launinsa ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan, ɗan shunayya-shunayya, ba tabo ba layi. Sai a kawo leza mara ƙarfi a riƙa haska shi ɗigo bayan ɗigo, ana auna hasken da ya dawo. Wani ɗan kaso na hasken yana dawowa da launi da ya ɗan gusa, saboda ya yi musayar ƙarfi da karkarwar atam ɗin. Masanin Indiya C. V. Raman ne ya gano wannan a 1928. Idan aka haɗa ɗigogin a kan allon kwamfuta sai guntun nan da ake gani ɗaya ya rabu yanki-yanki, nan ABA, can ABC, da layi a tsakaninsu. Wani aune da aka yi a Jami'ar Kolombiya da ke Niyok a 2011 ya sami cewa kusan kashi 15 cikin 100 na filin irin waɗannan guntaye ABC ne. Akwai kuma wata hanyar ganewa da za mu sake haɗuwa da ita: wasu kiristal, idan ka haska musu leza mai ƙarfi, sukan maido da haske mai ninki biyu na saurin kaɗawar wanda ka aika. Wannan ba ya faruwa sai a kiristal ɗin da ba shi da cibiyar juyi, wato wanda idan ka juya shi sama ta koma ƙasa, gaba ta koma baya, hagu ta koma dama, ba zai yi daidai da yadda yake da farko ba. ABA yana ba da wannan haske mai ninki, ABC ba ya bayarwa.

Layin nan da ke tsakanin yankuna biyu, a nan gizo yake saƙa. Mutum zai zaci idan jeri zai sauya, sai fallen sama gaba ɗaya ya ɗaga ya gusa a lokaci guda. Hakan zai ci ƙarfi mai yawa, domin dukkan atam ɗinsa sai sun hau kan tudu tare kafin su gangara cikin sabon gurbi. Abin da ke faruwa ya fi haka sauƙi. A kan iyakar yankunan biyu akwai wani siririn tsiri inda fallen ya ɗan miƙe ko ya ɗan karkace don ya haɗa jerin nan da wancan. A girafin mai falle biyu an auna faɗin wannan tsiri a Jami'ar Konel a 2013, aka same shi tsakanin nanomita 6 zuwa 11. Idan tsirin ya matsa gaba, yankin da ya wuce ta kansa ya sauya jeri ke nan, kuma atam ɗin da ke cikin tsirin ne kawai suke motsi a kowane lokaci. A 2018 an nuna cewa ana iya tura wannan iyaka da tsinin wata allura mai laushi ta na'urar lalube atam. Saboda haka idan muka ce haske ya sauya jeri, sau da yawa abin da muke nufi shi ne haske ya tura iyaka.

Hanya ta farko da haske yake yin haka ita ce ta zafi. A 2020 wasu masu bincike a ƙasar Sin suka ɗauki girafin mai falle uku da ke da yankunan biyu, suka ƙara wa lezarsu ƙarfi, suka riƙa bin guntun da ita. Inda hasken ya sauka wurin yana ɗaukar zafi, atam ɗin su shiga karkarwa, iyakar da a da ta maƙale ta sami sukunin motsi. Sai yankin ABC ya riƙa tsukewa, ABA yana cinye shi. Da yake su ne suke tuƙa lezar, sun iya zana yankuna masu siffar da suke so, su ajiye iyaka inda suka ga dama. Sai dai tafiyar ba ta da kome. ABA ya ɗan fi ABC kwanciya da kaɗan, zafi kuwa abin da ya iya shi ne ya girgiza abu har ya faɗa inda ya fi kwanciya. Ba ya ɗaga shi ya mayar da shi sama. Masu aiki da ABC sun san wannan ciwo tun ba yau ba: ka sha wahala ka nemo guntu mai kyau, kana cikin haɗa masa wayoyi ya ɗan sha zafi ko ya ɗan motsu, ka dawo ka tarar ya koma ABA.

Ba na raina wannan aiki, domin rubutu a kan falle uku na atam da haske, ba tare da an taɓa shi da hannu ko an zuba masa sinadari ba, ba ƙaramin abu ba ne. Amma a ganina hasken a nan matsayin murhu yake riƙe. Irin aikin da leza take yi a faifan DVD da ake gogewa a sake ɗauka ke nan, inda take narkar da ɗigon wani haɗin jamaniyam da antimoni da teluriyam, ya daskare a hargitse ko a jere gwargwadon yadda aka bar shi ya huce. Abin da ya fi jan hankalina shi ne hanya ta biyu, inda haske yake gama aikinsa tun kafin zafi ya iso.

Don a fahimci wannan sai mun sauka zuwa ma'aunin lokaci da hankali ba ya kamawa da sauƙi. Femtosakan ɗaya shi ne sakan ɗaya an raba shi gida miliyan sau biliyan. Haske, da duk saurinsa na kilomita 300,000 a sakan, a femtosakan ɗaya bai wuce tafiyar nanomita 300 ba. Femtosakan 1,000 su ne pikosakan 1. Wanda ya buɗe wa duniya ƙofar kallon atam a wannan ma'auni ɗan nahiyarmu ne, Ahmed Zewail, haifaffen Damanhur a Masar, wanda ya yi aikinsa a Caltech ta Amurka ya kuma sami kyautar Nobel a 1999. A 2008 rukuninsa ya haska wa girafait walƙiyar leza, suka ga abin mamaki: da farko fallayen sun matso kusa da juna, daga baya ne suka buɗe. Da zafi ne kaɗai ke aiki, da buɗewa kawai za a gani.

Dalilin shi ne ilektaron. Su ne suke riƙe atam da atam, su ne kuma suke tsara inda falle zai fi jin daɗin zama a kan falle. Ilektaron ba shi da nauyi idan aka gwada shi da atam, don haka idan walƙiyar haske ta sauka, ilektaron ɗin ne suke fara tashi su sauya mazauni cikin 'yan femtosakan, atam ɗin suna nan inda suke. Amma gurbin da fallen yake zaune a ciki ya riga ya gusa. Sai fallen ya zame ya nufi sabon gurbi, ya zarce shi, ya dawo, ya yi ta kai da komo. Abin lura shi ne dukkan fallayen suna wannan motsi tare, da taki ɗaya. Zafi ba ya yin haka, motsinsa a warwatse yake, kowane atam da inda ya sa gaba.

Yaya ake ganin abin da ke faruwa da irin wannan sauri? Babu kyamarar da za ta iya. Dabarar ita ce a aika walƙiya biyu. Ta farko, ta haske, ita ce take tayar da motsin. Ta biyu, ta ilektaron masu gudu ƙwarai ko ta hasken eksire, tana biyo baya da ɗan jinkirin da aka auna, ta ratsa kiristal ɗin, ta warwatsu ta bar ɗigogi masu haske a kan allo. Daga ƙarfin kowane ɗigo ake lissafa inda atam suke a wannan lokaci. Shi kansa jinkirin da tsawon hanya ake saita shi: ka ƙara wa hanyar haske milimita 0.3, ka jinkirta shi da pikosakan 1. A maimaita gwajin da jinkiri daban-daban, a jera hotunan, sai su zama fim.

Da irin wannan na'ura, a cibiyar SLAC da ke kusa da Jami'ar Stanford a Kalifoniya, rukunin Aaron Lindenberg ya duba wani kiristal na tangistin da teluriyam, WTe2, suka buga sakamakon a mujallar Nature a 2019. A zamansa na yau da kullum, fallayen wannan kiristal sun jeru ta yadda ba shi da cibiyar juyi, kuma wannan rashi ne yake ba ilektaron ɗinsa wasu halaye na musamman da ake dangantawa da lissafin da Hermann Weyl ya yi tun 1929. Suka aika masa walƙiyar haske mai dogon zango da ido ba ya gani. Nan take wasu ɗigogi a kan allon suka shiga ƙara haske suna raguwa, wasu kuma suna yin akasin haka, da taki na kusan pikosakan 4 a kowane zagaye. Lissafi ya nuna cewa fallayen ne suke zamewa, wannan ya yi gabas na kansa ya yi yamma, sau biliyan 240 a sakan. Girman zamewar ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin falle da falle. Kada ku raina wannan adadi, domin a duniyar kiristal babbar karkata ce. Da suka ƙara wa hasken ƙarfi sai fallayen suka zame har suka kai wani zama mai cibiyar juyi, hasken nan mai ninki biyu da na ambata ya ɓace. Ke nan da walƙiya ɗaya an kashe wa kiristal ɗin halinsa na musamman. Sai dai bai zauna a can ba. Yana hucewa ya koma jerinsa na asali da kansa.

A 2019 ɗin dai, a Jami'ar Beijin, an ga makamancin haka a ɗan'uwansa MoTe2, na molibdinam da teluriyam. Shi wannan yana da jeri biyu: idan sanyi ya wuce kusan digiri 23 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, fallayen suna miƙewa saiti a kusurwar digiri 90, idan ya ɗumama kuma su ɗan jingina da kusan digiri 4. Haske ya kai shi daga jerin miƙe zuwa na jingine cikin ƙasa da pikosakan 1. Ina so ɗalibai su riƙe wani gargaɗi game da wannan kiristal. A 2015 an ba da rahoto daga Koriya ta Kudu cewa leza ta sauya ginin cikin fallensa ta mayar da shi mai kama da ƙarfe, daga baya wasu suka kawo hujjar cewa abin da ake gani a irin wannan gwaji yana iya zama teluriyam ne da ya fita daga kiristal ɗin saboda ƙuna ya taru a wurin. Duk wanda ya ce muku haske ya sauya tsari, ku fara tambayarsa yadda ya tabbatar ba ƙona abin ya yi ba.

Yanzu ga wanda na fi so a cikinsu duka. Sunansa 1T-TaS2, haɗin tantalam da farar wuta. Wannan ƙarfe na tantalam ba baƙonmu ba ne, daga tantalait ake samunsa, wanda ake haƙa a Nasarawa da wasu jihohi, kuma ɗan'uwansa kolombait na tsaunukan Jos ne ya sa Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950. Kiristal ɗin gwaji kuwa a ɗakin bincike ake renonsa, cikin rufaffen bututun gilashi da tururin aidin, a wuta mai tsanani, sannan a tsoma bututun cikin ruwan sanyi farat ɗaya don kada ya sami lokacin komawa wani jeri.

Idan aka sanyaya shi ya wuce kusan digiri 93 ƙasa da sifili, atam ɗin tantalam da ke cikin kowane falle sukan taru 13-13, goma sha biyu su matso kusa da na tsakiya, su yi siffar tauraro mai tsini 6. Fallen gaba ɗaya ya cika da taurarin nan a jere, kiristal ɗin kuma ya daina barin lantarki ya wuce. A 2014 rukunin Dragan Mihailovic na Cibiyar Jožef Stefan da ke Lubliyana a ƙasar Sulobeniya ya sanyaya shi kusa da ƙarshen sanyi, ya aika masa walƙiyar leza guda ɗaya mai tsawon femtosakan 35. Turjiyarsa ta faɗi har kusan ninki 1,000, ta kuma zauna a ƙasa bayan hasken ya wuce. Ga sauri, ga zama. Idan ana son gogewa sai a ɗan ɗumama shi, ko a aika masa jerin walƙiya masu tsawo, ya koma yadda yake. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan yanayi ba ya samuwa ta hanyar ɗumamawa ko sanyayawa a hankali, ko ka bi ma'aunin zafi daga sama har ƙasa ba za ka ci karo da shi ba. Shi ya sa suka kira shi ɓoyayyen yanayi.

Shekaru aka yi ana muhawara a kan me ya sa wannan kiristal yake toshe lantarki tun farko. Wasu suka ce ilektaron ɗaya da ya rage a kowane tauraro ne yake ƙin maƙwabcinsa har kowa ya tsaya cik a inda yake. Wasu, musamman masu bincike a birnin Diresdin na Jamus, suka ce a dubi jeri: fallayen suna zama biyu-biyu, tauraro a kan tauraro daidai, ilektaron ɗin sama da na ƙasa su haɗu su kama juna, sai a rasa mai ɗaukar lantarki. A 2020 aka haska ɓoyayyen yanayin da eksire, aka tarar zaman nan na biyu-biyu ya rushe. A nan ba fallayen atam ne suka yi doguwar tafiya ba, jerin taurarin ne ya sake saiti tsakanin falle da falle. Ni dai wannan sakamako ya gamsar da ni cewa duk bayanin da aka yi wa wannan kiristal aka bar jeri a waje, gurgu ne. Matsalarsa ɗaya ce, kuma babba ce: ɓoyayyen yanayin ba ya daɗewa sai cikin tsananin sanyi, wanda babu mai iya sa shi a cikin waya.

Me ake nema da duk wannan? Ma'ajiyar bayanai, a sahun gaba. Jeri biyu da za a iya bambance su suna iya tsayawa a matsayin 0 da 1. Wanda ya fi kusa da cika wannan buri shi ne boron naitirait, mai saƙar zuma irin ta girafin amma atam ɗinsa iri biyu ne, boron da naitirojin. A 2017 Menghao Wu da abokin aikinsa a birnin Wuhan suka yi hasashen cewa idan aka ɗora falle biyu suna fuskantar gefe ɗaya, cajin lantarki zai ɗan rinjaya zuwa sama ko ƙasa gwargwadon jerinsu, kuma zamewar haɗi ɗaya ta isa ta juya shi. A 2021 rukunin Pablo Jarillo-Herrero a MIT da na Moshe Ben Shalom a Jami'ar Tel Abib suka tabbatar da haka kowa a ɗakinsa, a zafin ɗaki ba tare da sanyayawa ba. A 2024 aka nuna cewa ana iya juya shi fiye da sau biliyan 100 bai gaji ba, alhali ma'ajiyar filasha da ke cikin wayoyinmu takan fara lalacewa bayan rubutu dubbai zuwa dubu ɗari. Dalilin juriyar a fili yake: ba a tsinka haɗin atam ko ɗaya ba, falle ne yake sulɓewa a kan falle. Amma da filin lantarki aka yi wannan juyi. Na haske kuwa, lissafin kwamfuta da aka buga daga Beijin a 2024 ya nuna zai yiwu.

Akwai wani shinge da ba na so in rufe muku shi. Hasken da ake tattarawa da gilashi ba ya tsukewa ya wuce kusan rabin zangonsa. Koriyar leza mai zangon nanomita 532 ɗigonta ba zai gaza 'yan ɗaruruwan nanomita ba, taranzistocin da ke cikin wayar zamani kuwa faɗinsu 'yan gomomin nanomita ne. Don haka ba na tsammanin haske zai kori lantarki daga aikin rubuta bayanai ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙananan na'urori. Inda nake ganin ƙarfinsa wuri biyu ne. Na ɗaya, na'urorin da da ma haske ne yake yawo a cikinsu, irin na layukan sadarwa, inda ake buƙatar makunni mai saurin pikosakan. Na biyu, kuma shi ya fi girma a wurina, haske yana kai kiristal wuraren da zafi da matsi ba sa kai shi, ya nuna mana cewa wurin yana nan. Bayan da leza ta tona ɓoyayyen yanayin TaS2, mutanen Lubliyana sun koma sun same shi da gajeren bugun lantarki. Da haske bai fara nuna hanya ba, da wuya wani ya je nema.

Na san wasu ɗalibai suna cewa a ransu wannan duk aikin masu kuɗi ne. Wani ɓangarensa haka yake. Manyan injinan da ke samar da eksire mai ƙarfi, waɗanda ake kira sinkurotoron, babu ko ɗaya a Afirka har yanzu. Ƙasashen Gabas ta Tsakiya sun haɗa kai sun buɗe nasu, SESAME, a Jodan a 2017, masanan Afirka kuma sun yi taronsu na farko na neman namu a birnin Giranobul na Faransa a 2015. Amma gwajin girafin mai falle uku bai buƙaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Girafait mai kyau, salatif, farantin silikon, madubin ƙara girma, da na'urar Raman mai tebur da ke gusawa a hankali, sun isa a nemo yankin ABC, a zana taswirarsa, a tura iyakarsa da leza a auna ƙarfin da ya motsa ta. Sashen kimiyyar lissafi da na sinadarai a jami'a ɗaya suna iya haɗa kuɗi su mallaki wannan.

Tambayar da zan so in ga ɗayanku ya ɗauka ita ce ta komowa. Zafi yana kai ABC zuwa ABA saboda ABA ya fi kwanciya, amma fifikon nan ƙanƙani ne ƙwarai, kuma an san ɗan miƙa fallen ko ɗora masa filin lantarki yana taɓa shi. Idan aka ɗora girafin a kan faranti mai lanƙwasuwa aka ɗan ja shi, ko aka sa masa fili daga ƙasa, sannan aka kawo leza ta kwance iyakar daga inda ta maƙale, wane gefe za ta nufa? Ana iya amsa wannan da kayan da na lissafa, kuma aikin digiri na biyu ne mai kyau ga wanda yake da haƙurin zama gaban madubi yana neman guntu mai falle uku.